Kujerar Mai Zaman Banza

Muka kawar da kwanuka daga kan tebur,
Baba ya shimfiɗa taswirarsa,
wadda ta girme ni da shekara shida,
ta yage daidai kan Zenica, an liƙe ta da salatif.
Ni kuma na kunna waya.
Ya harare ta kamar baƙon da ya shigo ba sallama.

Kwana goma sha huɗu asibiti suka ba ni,
ba ƙari, ba ragi.
Na ce Sarajevo, kwana biyar, mu zauna daram,
ɗaki biyu a saman gidan wata Hajrija,
kusa da layin maƙeran tagulla,
inda guduma ke karɓar aiki daga bakin ladan.
Mu sha gahawa a 'yan ƙananan kofuna,
mu hau taragon lantarki har ƙarshen layi,
mu dawo, ba don komai ba.

Ya ce, "Enisa, birni ai tasha ne.
Wa ke kwana biyar a tasha?"

Shekara talatin da ɗaya yana jan bas
daga Tuzla zuwa duk inda kwalta ta kai.
Ya san kowace kwana, ya san kowane rami,
ya san gadar da ke santsi tun ƙanƙara ba ta sauka ba.
Bana likita ya ce ido ya gaji.
Makullin mota yana cikin jakata.

Muka yi ciniki irin na 'yan kasuwa:
na rage kwana ɗaya, ya bar mini rabin yini.
Talata Travnik, mu fita da hantsi, mu dawo kafin magariba.
Alhamis mu yi kudu, mu bi gefen kogin Neretva,
Konjic, sannan Mostar, kwana biyu.
Na lissafa kuɗin mai, na lissafa na ɗaki,
na ware na ko-ta-kwana a cikin ambulan.
Ya ce in ƙara na taya,
wai motata ba ta taɓa ganin tsauni ba sai a kalanda.

Waya ta ce awa biyu da rabi zuwa Jajce.
Ya ce ƙarya take,
ba ta taɓa bin bayan motar katako ba.
Sai ya yi shiru,
yatsansa a kan sunan garin.

"Sau nawa na ratsa nan? Allah kaɗai ya sani.
Fasinja su yi ca a taga,
wai ga ruwa na faɗowa daga kan dutse a tsakiyar gari.
Ni ƙararsa kawai nake ji.
Idona na kan titi, rai hamsin na bayana.
Mahaifiyarki ta ce in kai ta.
Na ce sai an samu hutu."

Hutun ya zo.
Ita ce ba ta jira ba.

Gahawa ta huce a kofi.
Na ɗauki fensir na soke Litinin ta biyu,
na soke gidan tarihi, na soke kasuwar tsofaffin littattafai,
na rubuta Jajce, kwana uku,
na bar sauran layukan fari fat.
Sauri dai ya haifi nawa,
kuma gani ya kori ji.

Ya naɗe taswirar bisa tsofaffin karinta.
Ya ce in duba birki, in duba ruwan lagireto,
kada in sha gaban kowa a kan kwana.
Na ce to, Malam Sead, an ji.

Har ya kai bakin ƙofa ya juyo.
"Kujerar nan ta dama,
tagarta tana sauka har ƙasa?"

Na ce tana sauka.

Ya ce, "To, kar ki yi mini magana a hanya.
Kallo zan yi."